Matar Shunem Ba Ta Jira Tsayawar Wata Ba

Karatu: 2 Sarakuna 4:18-37, Markus 5:21-43



A ranar 11 ga Fabrairu, idin Uwarmu Maryamu ta Lourdes, Ikkilisiya a ko'ina cikin duniya takan yi addu'a ta musamman domin marasa lafiya. Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu, wanda dattawanmu suka gani da idonsu a Kaduna a 1982, shi ne ya kafa wannan rana a 1992, aka fara kiyaye ta a 1993. Kwana huɗu bayanta, wato 15 ga wata, ita ce ranar da duniya ta keɓe domin yaran da ke fama da ciwon daji. Tun da ranakun biyu suka zo dab da juna haka, mun ga ya kamata mu yi magana a fili a kan wani ciwo wanda ba a son kiran sunansa a gida, balle a majami'a.

Bari mu fara da Littafi Mai Tsarki. A garin Shunem akwai wata mace mai hali wadda takan sauki annabi Elisha, har ta sa aka gina masa ɗaki a kan soro. Allah ya ba ta ɗa bayan ta riga ta fid da rai. Da yaron ya tasa, wata rana ya bi mahaifinsa gona lokacin girbi, can ya fara kukan kansa na ciwo. Mahaifin bai bar aikin ba, sai ya sa wani bara ya ɗauki yaron ya kai wa uwarsa. Yaron ya zauna a cinyarta har tsakar rana, sa'an nan ya cika. To, ku dubi abin da matar ta yi. Ba ta tara makoki ba. Ta kwantar da shi a gadon annabin, ta ja ƙofa, ta aika wa mijinta ya ba ta jaki da bara guda. Mijin ya yi mamaki, gama a ganinsa ranar ba ta ziyarar mutumin Allah ba ce, tun da wata bai tsaya ba, Asabar kuma ba ta zo ba. Ita dai ta hau, ta gargaɗi baran kada ya sassauta, ba ta sauka ba sai a Dutsen Karmel. Ko da annabin ya aiki baransa Gehazi da sandarsa, ta ƙi yarda ta koma sai da shi kansa. Da haka aka mayar mata da ɗanta da rai.

Littafi bai gaya mana irin ciwon da ya kama yaron ba, ba mu kuwa ce daji ne ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne tunanin mijin. Mutumin nan ba mugu ba ne. Manomi ne mai girbi a gabansa, ya kuma san akwai ranakun da aka saba zuwa wurin annabi. Irin tunaninsa ne ake ji a gidaje da yawa daga Muciya zuwa Hayin Dogo, daga Cikaji zuwa Bomo: a bari a ga ƙarshen wata a karɓi albashi, a bari a sayar da masara, a bari yara su gama jarrabawa, a bari a ga ko zai saɓe da kansa. Ga yawancin cututtukan yara wannan jira ba ya kawo babbar illa. Ga ciwon daji kuwa, jiran shi ne yakan yanke hukunci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara yara da matasa kimanin 400,000, daga haihuwa zuwa shekara 19, ke kamuwa da ciwon daji. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 sukan warke. A ƙasashe da yawa irin tamu, waɗanda ke warkewa ba su kai 30 cikin 100 ba. Cutar ɗaya ce, yaran kuma duka surar Allah ne. Bambancin yana wurin lokacin da aka kai yaro, da ko an gane ciwon daidai, da ko akwai magani, da ko an kai ƙarshen maganin. A 2018 Hukumar ta sa wa duniya buri, cewa kafin 2030 a kai aƙalla 60 cikin 100. Na farko da na ƙarshe a cikin abubuwan nan huɗu ba a hannun gwamnati ko likita kaɗai suke ba. Suna hannun iyaye, da kakanni, da maƙwabta, da mu da muke zama benci ɗaya ranar Lahadi.

Me za mu duba, ashe?

Akwai wani kumburi da kan fito wa yaro a muƙamuƙi ko a kumatu, wani lokaci a bayan ido ko a ciki. An fi ganinsa ga yara masu shekara huɗu zuwa bakwai, maza fiye da mata. Da fari ba ya ciwo sosai. Haƙora sukan fara girgiɗi a gefen, sai a ce ciwon haƙori ne a je a cire, ko a ce hangum ne a shafa toka. Amma hangum yakan sauka cikin kwana goma ko mako biyu. Wannan kuwa ƙaruwa yake yi, har yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wani likita ɗan ƙasar Ayaland, Denis Burkitt, mai tsoron Allah ne ƙwarai, shi ya fara bayyana shi a 1958 sa'ad da yake aiki a Kampala ta Yuganda, shi ya sa cutar ke ɗauke da sunansa. Ya lura cewa ta fi yawa a ƙasashe masu zafi da ruwan sama, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma bincike daga baya ya tabbatar da alaƙar. Ga abin godiya: wannan dajin da ya fi kowanne saurin girma yana cikin waɗanda suka fi jin magani. Tun a shekarun 1960 likitoci a Afirka, cikinsu har da Farfesa Victor Ngu, ɗan Kamaru da ke aiki a Ibadan, suka nuna cewa allura na narkar da shi, fuskar yaro ta koma yadda take. Ba a Turai aka fara ganin wannan nasara ba, a nan ƙasarmu ne da wasu ƙasashen Afirka.

Sai ido. Uwa takan lura, da yamma ko a hasken fitila, cewa tsakiyar baƙin idon jaririnta yana wani farin ƙyalli kamar idon mage cikin duhu. Yanzu sau da yawa a hoton waya ake fara gani, ido ɗaya ya fito fari. Ko kuma yaro ya fara hararar garke ba zato. Wannan yana iya zama dajin ido, wanda ya fi kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Kada a ɗiga nono, kada a sa tozali ko ruwan ganye, kada a ce hakiya ce za ta washe. A kai shi ga likitan ido a cikin makon. Muddin cutar tana cikin ƙwayar idon, kusan kullum ana ceton ran yaro, wani lokaci har da ganinsa. Idan likita ya ce sai an cire idon, mun san maganar tana da nauyi kamar dutse, mun kuma san iyaye da yawa kan ɗauki yaro su gudu a daren. Amma yaro mai ido ɗaya yana zuwa makaranta, yana aure, yana haihuwa, ana kuma sa masa idon roba wanda ba kowa zai gane ba. Wanda aka gudu da shi kuwa, bayan 'yan watanni akan komo da shi ido ya ɓullo waje, lokacin ya wuce. Tun da wannan ciwo kan bi jini a wasu iyalai, a kai ƙannen yaron su ma a duba su.

Uwa mai yi wa ɗanta wanka ita ce likitarsa ta farko. Hannunta ne kan fara jin wani abu mai tauri a gefen cikin yaro ɗan shekara uku ko huɗu. Akan ce saifa ce, a kira wanzami ya yi tsaga. Wani lokaci saifar ce, wani lokaci kuwa dajin ƙoda ne, wanda ke warkewa sosai in an haɗa aiki da allurai a kan kari. Haka kuma kaluluwa a wuya, ko a hamata, ko a matsematsi, wadda ba ta ciwo, ba ta kuma sauka bayan mako biyu.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne dajin jini, gama yakan sa rigar cututtukan da muka saba da su. Yaro ya yi fari fat, ya gaji da ɗan wasa kaɗan, zazzaɓi ya tafi ya dawo. An yi maganin cizon sauro sau biyu, an yi na taifot, an sayi maganin ƙarin jini a kemis, duk a banza. Haɓo ya yawaita, dasashi na zubar da jini, tabo baƙi-baƙi na fitowa a fata ba tare da ya faɗi ba, da dare yana kukan ƙashi, ko ya fara ɗingishi. A ƙasarmu nan da nan sai a ce sikila ce. Gwajin jini ne kaɗai zai raba gardama. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu bai ji magani ba, ko ramar da ba a san dalilinta ba, ya isa a nemi cikakken gwajin jini. Muna kuma jan kunne a kan ƙwayoyin nan da ake saya ba takardar likita domin saukar da kumburi ko sa ƙiba, irin su prednisolone da dexamethasone: suna iya lafar da dajin jini na ɗan lokaci, su ɓoye shi daga gwaji, ya dawo da ƙarfi. Ga kuma kukan ɗan Shunem, ciwon kai. Idan yana tashin yaro da asuba tare da amai, kwana da kwanaki, ko tafiyarsa ta fara tangaɗi, ko halinsa ya sake, ko kan jariri na girma fiye da kima, wannan ba na fanadol ba ne.

Kada kowa ya fita daga nan da firgita. Cikin yara masu yawa da za su nuna ɗaya daga alamomin nan, kaɗan ne ƙwarai za a samu da daji. Amma wanda zai tantance shi ne likita, ba kaka ba, ba mai kemis ba, ba kuwa Fada ba.

Mun san maganar da ake yi, wai daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Daga ina wannan magana ta fito? Daga yaran da aka kai asibiti a makare, suka rasu bayan 'yan kwanaki, sai aka ɗora wa allura laifin da jinkiri ya yi. Ɗan naman da likita ke yanka ya duba a madubin bincike shi ne ke nuna irin dajin da maganin da zai ci shi. Akwai kuma masu cewa zuwa asibiti ƙarancin bangaskiya ne, a kai yaro gidan addu'a a yi azumi kwana bakwai. Ikkilisiya Katolika ba ta taɓa koyar da haka ba. Littafin Sirak, sura 38, ya umarce mu mu girmama likita domin Ubangiji ne ya ba shi saninsa, shi ne kuma ya fitar da magunguna daga ƙasa. Ya ce a yi addu'a, a kuma ba likita wurinsa. Mu yi novena, mu ja rosari, mu ba da Misa, amma a yi su a kan hanyar asibiti da gefen gadon asibiti. Duk wanda ya ce ku cire yaro daga magani domin ya yi masa addu'a, ko ya sayar muku da mai ko ruwa a madadin magani, kada ku saurare shi, ko da wace riga ya sa.

Sa'an nan ga tambayar da ke cin zuciyar uwa da tsakar dare: me na yi? A Yohanna sura 9 almajirai sun ga makaho tun daga haihuwa, suka so su san ko zunubinsa ne ko na iyayensa. Ubangiji ya kawar da duka biyun. Ilimin likita ma abin da ya samu ke nan: yawancin dajin yara ba abinci ne ya kawo shi ba, ba sakacin uwa ba ne, ba sammu ba, ba maita ba, ba kishiya ba. Ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. Kada a raba masa kwano, kada a hana 'ya'ya wasa da shi, kada dangin miji su kori mace a kansa.

Mu mutanen Zariya Allah ya rage mana nisa. Tun 2005 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma Shika, inda akwai likitocin yara, da na ido, da na jini, da sashen ciwon daji. Daga Sabon Gari mota ce ta Kwangila, ta Palladan, ta wuce Samaru. Mutane na tahowa can daga Katsina da Zamfara da wasu jihohi masu nisa, suna kwana a hanya. Matar Shunem a kan jaki ta yi tafiyarta. Fara da asibitin da ke kusa da ku. In an yi magani sau biyu ba sauƙi, ku roƙi takardar turawa zuwa babban asibiti, kada ku ji nauyi. Katikis da ke ƙauyukan Giwa, Ikara, Soba da Makarfi, ku ne idanunmu a can.

Yanzu mu juya ga karatu na biyu. Sa'ad da Yesu ya ta da 'yar Yayirus, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, mutanen ɗakin suka cika da mamaki, shi kuwa abin da ya tuna shi ne cikinta, ya ce a ba ta abinci. Mai iko ya yi nasa, ya bar wa iyaye nasu. Haka yake da yaron da ke karɓar allurar daji. Maganin yana kashe ƙwayoyin cutar, amma yana raunana jiki: gashi ya zube, baki ya yi gyambo, amai ya zo, abinci ya fita kai. Gashin zai sake tsirowa. Abinci kuwa sai an yi dabara: kaɗan-kaɗan, sau da yawa, mai laushi, mai gina jiki. Kunun gyaɗa, alala, dafaffen ƙwai, faten wake, kifi, madara, ayaba. Yaron da ke da ƙarfin jiki ya fi jure magani. Kowane abinci a dafa shi ya nuna, a ci da zafinsa; ruwan sha a tafasa; a bar yankakken kankana da abarba na bakin titi. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi, ya riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ya kwana cikin gidan sauro kowane dare. A nisanta shi da yaro mai ƙyanda ko ƙarambau. Kada a ba shi asfirin ko jiƙo ko wata allurar rigakafi sai likitansa ya sani.

Abu guda muke so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran. Allurar daji takan rage sojojin jini masu yaƙi da cuta, musamman mako ɗaya zuwa biyu bayan an yi ta. A wannan lokaci zazzaɓi ba ƙaramin abu ba ne. In ma'aunin zafi ya nuna 38 ko fiye, a tafi asibiti a wannan sa'a, ko ƙarfe biyun dare ne, kada a ba da fanadol a jira gari ya waye. Mai mota ko mai Keke a unguwa da zai ce wa iyalin, ga lambata, ku tashe ni kowane lokaci, ya yi aikin jinƙai wanda ya kai kowane girma.

Babban abin da ke kashe yaran da aka riga aka gane ciwonsu shi ne yanke magani. Dajin muƙamuƙi yana ɗaukar 'yan watanni, na jini kuwa shekara biyu ko fiye. Bayan allura ta biyu kumburi ya sauka, yaro ya tashi yana wasa, kuɗi sun ƙare, damina ta kama, sai a ce ai ya warke. Saiwar tana nan. In ta sake tohowa ba ta cika jin maganin farko ba. Ba mu ɗora wa iyaye laifi ba, gama wa zai iya wannan kaya shi kaɗai? Shanyayyen Kafarnahum mutum huɗu ne suka ɗauke shi. Zumuntar Mata, ku raba kwanaki a tsakaninku, wata ta kai tuwo Shika, wata ta karɓi uwar jinya ta sami barcin rana ɗaya, wata ta duba yaran da aka bari a gida, gama su ma suna jinya a zuci ba mai tambayarsu. 'Yan ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul, ku sa kuɗin mota da na gwaji cikin lissafinku. Iyalan Samaru masu ɗakin baƙi, ku tuna matar Shunem da ɗaki ta fara. Akwai uwayen da ke kwana a barandar asibiti, Kirista da Musulmi, ba su san kowa a garin nan ba. Matasa da ɗaliban jami'a, yaran nan suna bukatar jini a kai a kai. Mai lafiya daga shekara 18 zuwa 65, wanda ya kai kilo 50, yana iya bayarwa, namiji bayan kowane wata uku, mace bayan wata huɗu, jiki kuma yana mayar da abin da aka ɗiba. Mu da muke karɓar Jinin Kristi a bagade bai kamata a roƙe mu wannan sau biyu ba.

Akwai yaran da ba za su warke ba, ko an yi kome daidai. Carlo Acutis, wanda Fafaroma Leo na Goma Sha Huɗu ya sa cikin tsarkaka a 2025, dajin jini ne ya ɗauke shi a 2006 yana da shekara 15, a Italiya inda ba a rasa likita ko magani ba, cikin 'yan kwanaki kaɗan. Iyayen da ke cikinmu waɗanda suka binne ɗa, kada wannan wa'azi ya zama muku bulala. Sa'ad da likita ya ce warkewa ta gagara, kulawa ba ta ƙare ba. Babu dalilin da zai sa yaro ya kwana yana ihu. Mofin na sha, in likita ya auna shi, yana kwantar da ciwo, ba ya kashewa, ba ya mai da yaro ɗan ƙwaya. Dokta Anne Merriman, wadda ta yi aikin likita a Nijeriya tana sista kafin ta kafa gidan kula da masu ciwon ajali a Yuganda a 1993, ta ba da sauran ranta wajen kai wannan magani ga talakawan Afirka. Katikisma ta Ikkilisiya, a lamba 2278 da 2279, ta halatta maganin rage ciwo, ta yaba wa irin wannan kulawa, ta kuma yarda a dakatar da maganin da ya zama azaba ba amfani. Ku yi wa yaro magana da gaskiya daidai hankalinsa. Sau da yawa ya riga ya sani, yana shiru ne don kada ya sa uwarsa kuka.

Ku kira Fada da wuri, kada ku jira numfashin ƙarshe. Shafewar Marasa Lafiya ba sallama ba ce, ƙarfafawa ce, kuma yaron da ya yi wayo yana iya karɓarta tun farkon jinya ko kafin a shiga da shi ɗakin aiki. Wanda ba a yi wa baftisma ba a yi masa. Wanda ke bakin mutuwa, kome ƙanƙantarsa, Fada yana da iznin ba shi Tabbatarwa.

Muna roƙon kowace majami'a, daga babban cocinmu na Kristi Sarki a Sabon Gari har zuwa ƙaramar majami'ar ƙauye, a karanta sashen alamomin nan a taron Zumuntar Mata da na maza cikin wannan wata, a kuma sa yaran da ke kwance a Shika da masu jinyarsu cikin addu'ar masu bi ranar 11 da ranar 15. Wanda ya san gidan da ake ɓoye yaro mai kumburi, ya gaya wa Fada ko katikis a asirce cikin makon nan.

Uwarmu Maryamu, lafiyar marasa lafiya, ki yi addu'a dominsu. Amin.